Ranar da Na Ja Layi da Karbir

Da mutum zai iya janye magana bayan ta fita daga bakinsa, da akwai guda da zan janye kafin in mutu. An tambaye ni abin da ya shiga idon wani saurayi, na ce toka ce. Na faɗa a gaban majo, babban ma'aikacin jinya a ƙaramar likita ta unguwarmu, hannuwana a ɓoye cikin aljihu, kuma na san ƙarya nake yi.

Ni ba ɗan balo ba ne. Gadi na yi a wani magaza, inda ake ajiyar kaya, har ƙafa ta gaji. Da na ajiye aiki sai na riƙa zama da la'asar a bakin filin da samarinmu ke buga balo, can bayan Birni, tsakanin duwatsu. Ba wanda ya ɗauke ni aiki. Na ga ƙaya da fasassun kwalabe na fara tsincewa, daga nan na sayo tsintsiya, kafin in ankara ana ce mini Baba mai fili. Ni ke cika randar ruwa, ni ke ɗaura raga, ni ke jan layi ranar wasa. Da toka nake jan layin. Nakan karɓo ta a gidan burodi, in tankaɗe, in zuba a gwangwani mai huji, in bi igiya a duƙe.

Toka ba ta da haske sosai, kuma iska na kwashe ta. Wata shekara 'yan Droum suka zo wasa, ɗayansu ya tsaya yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

"Baba, ina layin naka? Ko sai mun koma gida mun ɗauko tabarau?"

"A garinmu ko akuya ce ta bi da fitsari ya fi wannan fitowa," in ji wani.

Aka kwashe da dariya, har da namu yaran. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Da bazara ta zagayo aka ce 'yan Droum za su dawo. A cikin kwanakin nan na ga wani farin tuli a bayan garejin masu walda, fari tas kamar garin rogo. Ragowar abin da suke haɗa wutar walda da shi ne. Na zo da buhu. Mai garejin ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube ni.

"Baba, me za ka yi da kashin karbir?"

"Layin fili."

"Kai, abin nan yana ci fa. Mu kanmu ba ma taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu."

"Ƙasa zan zuba wa, ba mutum ba," na ce masa.

Na shanya, na daka, na tankaɗe. Ranar wasa da hantsi na ja layina, ya fito ƙal, ana hango shi tun daga kan duwatsu. A bakin raga sai da na maimaita zubi don ya yi kauri.

Wajen alwalar azahar na fara ganewa. Ruwa na taɓa hannuna na ji kamar na tsoma shi a barkono. Tsakanin yatsuna ya yi ja, fata ta fara saɓulewa. Na tuna maganar mai walda. Tsintsiyata na nan, lokaci kuma akwai. Na koma fili da niyyar sharewa, sai na tarar mutane sun fara taruwa suna kallo.

"Baba, yau kam kamar a tele!"

Na jingine tsintsiyar.

Mai tsaron ragarmu tela ne, aikin wuyan babbar riga yake yi da allura, aikin da sai mai ido. Da shi yake riƙe matarsa da tsohuwarsa. Rigar da ke jikina ranar ma shi ya ɗinka mini da sallah, ya yi mata aljihu mai zurfi don in ji daɗin sa goro. A raga ba ya tsoron ƙasa. Shi kan faɗi da ƙirji, da fuska, duk inda balo ta nufa.

Aka busa usur. Ban kalli wasan nan ba, layi nake kallo. Rana ta yi zafi, gumi na zuba daga kowa. Wani ɗan Droum ya zame a gefen fili, ya tashi yana sosa cinya, yana cewa ƙasar Damagaram ƙaiƙayi gare ta. Duk lokacin da balo ta nufi ragarmu sai idona ya koma kan farin da ke bakin ragar. Telan ya faɗi sau ɗaya nesa da layi, na ce alhamdu lillahi. Ya sake faɗuwa, gwiwar hannunsa ta shafi farin.

Da aka yi hutun rabi ya zo shan ruwa yana hura wa hannunsa iska.

"Baba, layinka ya yi kyau, sai dai kamar ka sa masa yaji."

Nan ne ya kamata in kama shi in ce, ɗana, kada ka koma. Na miƙa masa moɗa da bayan hannu don kada ya ga tafina, na yi murmushi.

Kusa da tashi alƙalin wasa ya ba 'yan Droum fenariti. Telan ya tsaya a kan layin raga, daidai inda na maimaita zubi. Na buɗe baki, ihun mutane ya rufe ni, ko kuwa ban yi maganar ba sam, ban sani ba. Aka buga. Ya yi tsalle hagu ya cafke balo, fuskarsa ta daki layin, farar ƙura ta tashi. Fili ya ruɗe da murna. Shi kuwa bai tashi ba. Yana birgima, yana murza ido da safar hannunsa, ita ma duk garin karbir ne.

Na ruga da moɗa. Ruwan randa saura kaɗan, na watsa masa abin da ya samu. Aka ɗora shi a kabu-kabu, na hau wani na bi su.

Majo ya kwantar da shi ya buɗe idon da yatsu. Telan na cije baki yana cewa, "Majo, wannan ba toka ba ce, ci na take yi."

"Wa ya ja layin?" in ji majo.

Aka nuna ni. Ɗakin cike da 'yan wasa da mutanen unguwa, har da 'yan Droum. Majo ya juyo cikin ladabi.

"Baba, da me kuka ja?"

Hannuwana na zogi a cikin aljihun da yaron ya ɗinka. Na dubi fuskokin nan, na ga ranar da za a ce tsohon nan ya makanta yaro don neman yabo.

"Toka ce. Ta gidan burodi."

Wa zai ƙaryata mai furfura? Majo ya wanke idon, ya ɗiga magani, ya rufe da bandeji, ya ce in toka ce zai huce zuwa gobe.

Bai huce ba. Da safe aka wuce da shi babbar likita. Can aka ce abu mai ci ne ya shiga, kuma da an sani tun farko, da an yi ta kwarara masa ruwa ba tsayawa, da wataƙila an ceci idon. A tsakar gidan likitar na fito da hannuwana na nuna wa tsohuwarsa da mai horar da 'yan wasanmu, na faɗi gaskiya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannun. Ba ta zage ni ba. Ta ja mayafinta ta koma ciki.

Idon hagu ya yi fari. Ya bar raga, ya bar aikin wuyan riga, yanzu ɗinkin keke kawai yake yi, kuma sai ya karkata kai kafin ya zura zare. Na je shagonsa neman gafara. Bai tsai da keken ba.

"Baba, zubawar ba ta dame ni ba, kowa na kuskure. Amma na ce ba toka ba ce, kana tsaye."

Ya ce ya yafe. Har yau in na wuce yakan gaishe ni, ni ne ba na iya haɗa ido da shi.

Ku masu hidima a filayen unguwa, ina roƙonku, kada ku zuba a ƙasa abin da hannunku bai jure ba. In kuma kun riga kun zuba, aka tambaye ku a gaban mai jinya, ku fito da hannun daga aljihu tun ruwa yana da amfani.