Hannun da Aka Bari a Kafaɗa

Yayana mai guga ne, ban taɓa saninsa da wata sana'a ba. Tun ina ƙarama nake ganinsa tsaye a bakin tebur, ya yayyafa wa riga ruwa, ya ɗaga dutsen guga kusa da kumatunsa don ya ji ko ya yi zafi. Da na gawayi ya fara, daga baya ya sayi na lantarki, amma bai yar da tsohon ba, don wutar tamu ba ta da alkawari. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene da ke kallon tashar mota. Tebur ne da tsohon bargo, igiyar rataye kaya, sai rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Mutanen unguwa Baba Mai Guga suke ce masa. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Masifatu yake kirana, kuma ban ce ya yi mini ƙarya ba.

Ciki ɗaya muka fito amma hali ya raba mu. Ni in magana ta zo mini wuya sai ta fita, ko a gaban wa. Shi kuwa ko zaginsa ka yi, sai ya bari ka gama, sannan ya tambaye ka ko a sa wa rigar taka sitaci.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, uwar ta rasu yaron yana rarrafe. A shagon nan ya raine shi, a cikin kwandon kayan wanki. Wata rana an ajiye dutse a ƙasa ya huce, yaron ya rarrafa, hancin dutsen ya kama masa bayan hannun hagu. Tabon bai taɓa gogewa ba, ga shi nan da tsininsa, siffar dutsen sak. Duk da haka da hagun ya tashi yana komai, shi ya sa sunan Bahago ya bi shi.

Bahago na da aboki tun suna yawo ba wando, ɗan wata mai kitso da ke bayan layinmu. Wushirya ake ce masa, saboda in ya yi dariya sai ka hango gari ta tsakanin haƙoransa. Tif da taya ke nan. Tare suka koyi gyaran janareto, tare suka buɗe shago, kwano ɗaya suke ci. Yaya kan goge musu kayan fita kyauta, ya ce 'ya'yansa biyu ne, ɗaya dai bai sha wahalar rainonsa ba.

Sai wata safiya aka tsinci Bahago kwance a shagon nasu, an buga masa ƙarfe a ƙeya. Maƙwabta suka ce da yammacin jiya sun ji su suna sa-in-sa, wai Bahago na son ya ware ya buɗe nasa wurin. Aka nemi Wushirya sama da ƙasa, sai bayan kwanaki aka kamo shi a gidan wani kawunsa, da rigarsa mai jini a jaka. Ya ce a kwance ya tarar da shi, ya ɗaga shi, da ya ga ba rai sai tsoro ya kwashe shi. Alƙali bai gamsu ba, ya ce a rataye shi. Ni dai na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har ɗan sandan kotu ya harare ni. Yaya kuwa tashi ya yi. Ya koma shago ya ƙarasa gugar da ya bari.

Shekaru suka shuɗe. Wushirya na gidan yari yana jiran igiya, Yaya na tsufa a tsaye. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya rage, amma karin wandon da ya fitar har yanzu sai ya yanka maka hannu. Ba ya zancen Bahago, ni ma ba na yi a gabansa. Mai Kitso kuwa in ta hango mu sai ta canza hanya, mu ma haka.

Kwatsam rannan 'yata ta miƙo mini wayarta. "Umma, dubi wannan." Na duba, sai ga Wushirya yana yi mini dariya, an rubuta a ƙasa wai a sake shi, ba shi da laifi. Kafin mako ya zagayo hoton ya cika gari. Wasu matasa ne da ɗaliban aikin lauya suka tono shari'ar. Suka ce ba a duba zanen yatsa a jikin ƙarfen ba. Suka ce dukan tsiya aka yi masa kafin ya sa hannu a bayanin 'yan sanda, kuma babban mai shaidar kurma-kurma ne. Wasu suka taso musu: to in ba shi ba ne, me ya kore shi? Me ya hana shi kururuwa a taru? A teburin mai shayi gardama, a motar haya gardama, har mata a layin famfo sun zama alƙalai.

Ni ma na shiga, ina zan bari? Ban iya rubutu da sauri ba, sai in sa 'yata ta danna mini in aika musu murya, in wanke su tas. Abin da ya fi ƙona mini rai ba wai sun ce Wushirya bai yi ba ne. A'a, Bahago ne ya rasa suna, ya koma "mamacin". Da suka rasa wanda za su ɗora wa kisan sai suka koma kansa: wai yana hulɗa da ɓarayin inji, wai yana shaye-shaye, wai abokan cin mushensa ne suka gama da shi. Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba! Wanda bai san kalar fatarsa ba shi ne mai ba da labarin halinsa. Yaya ba shi da babbar waya, na gode wa Allah da bai ga wannan ba.

Ashe abin zai biyo shi har tebur. Ina shagon da rana na kai masa abinci, sai wata budurwa ta tsaya da mota, mai ladabi da ita, ta sauke buhu. Ta ce riguna ne na taron da za su yi gobe a ƙofar kotu, sun yamutse a wurin mai bugawa, a taimaka a goge. Ba ta san shagon wa ta shigo ba.

Riga mai hoto ba a goge ta ta gaba, fentin zai narke ya manne a dutse, sai an juya ta ciki ya koma waje. Yaya ya zaro ta farko zai juya, sai ya tsaya. Ni kuwa da na ga wushiryar nan a ƙirjin riga sai kaina ya yi zafi.

"Ke! Kin san inda kike kuwa? Kin san wane ne wannan tsohon? Uban wanda kuke kira mamacin ke nan! Kwashe tsiyarki ki..."

"Masifatu," in ji Yaya, "yi shiru. Zo ki gani."

Ya shimfiɗa rigar a kan bargon, ya ɗora yatsa a kafaɗar Wushirya. Na sunkuya. Sau nawa na kalli hoton nan a waya ina tsinuwa, ban taɓa lura ba. Akwai hannu a kafaɗar, hannun wani da aka yanke daga hoton. Hannun hagu ne, ga tabon nan da tsininsa. Na zauna a kan buhun.

Budurwar ta rufe baki da hannu. "Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe mini, bari in kwashe."

"Bar su, 'yata. Aiki kika kawo, za a yi." Ya shafa wurin. "Abu ɗaya nake roƙo. Ina sauran hoton?"

Ta ce ita ma haka ta gan shi a waya.

"Ki tambaya mini. Wayar yaron tana hannun hukuma tun ranar, ba su dawo da ita ba, ni kuma hotunansa na yarinta kawai gare ni. Fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido mai rarrafen nake gani, saurayin ya ƙi zuwa."

Ban taɓa jin Yaya ya yi magana mai tsawon wannan a kan ɗansa ba. Na yi kuka har da majina, ban ji kunyar kowa ba. Budurwar ma ta share ido, sannan ta tambaya a hankali, "Baba, kai a ganinka shi ya yi?"

"Da na sani, da na samu barci," in ji shi. Ya juya rigar ya fara guga. Duk ya goge su, ɗaya bayan ɗaya, ya ninke.

Yarinyar ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta bi wanda ya tura mata, shi ma ya bi wanda ya tura masa, har zaren ya ƙare a gidan Mai Kitso. Da ta kawo mana wannan labari na ce to a bar shi, ba za mu je roƙo ƙofar uwar wanda ya kashe mana ɗa ba. Yaya bai musa mini ba, bai kuma je ba. Ina jin ba maganata ce ta hana shi ba, ƙafarsa ce ta kasa.

Aka yi taron, aka ɗaga kwalaye, kotu ta ɗage sauraron ƙarar zuwa wani lokaci. Ana haka wani mawaƙi ya saki matarsa, duk masu wayar suka kwasa suka koma can. Wushirya na nan inda yake, ba a sake shi ba, ba a rataye shi ba. Rigunan kuwa suka koɗe, suka gangaro tasha, masu wankin mota suka mai da su tsumma. Daga ƙofar shago Yaya ke hango ana dirje taya da hannun ɗansa. Sai ya fara tsallaka titi da tsofaffin tawul, ya ba su, ya karɓo rigunan. Ya wanke, ya goge ta ciki, ya jera a ƙarƙashin tebur.

Wani ɗan neman suna ya ɗauke shi hoto rungume da su, ya watsa, wai ga uban mamacin ma ya yarda Wushirya bai yi ba. Masu cewa a sake shi suka yi ta sa masa albarka. Masu cewa a rataye suka ce tsohon banza ya sayar da jinin ɗansa. Ba wanda ya tako ya tambaye shi. Wannan karon ko murya ban aika ba.

Ina jin hoton nan ne ya kai ga Mai Kitso, ita kuma ta san abin da yake tarawa. Da hantsi ta zo, ina nan. Na daɗe ban gan ta kusa ba. Matar da na sani da jiki ta zama kara, yatsun da suka yi wa rabin unguwa kitso sun ƙanjame. Ta yi sallama daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na buɗe baki, Yaya ya kalle ni, na rufe.

"Baban Bahago," ta ce, "ba afuwa na zo nema ba. Yaran nan ne suka zo neman hoton ɗana, wannan kaɗai nake da shi da yake dariya. Suka ce a cire ɗayan. Ni na yanka da almakashina. Da na zo kan hannun na ga in na cire shi sai na yanke kafaɗar nawa, sai na bari." Ta zaro wani abu daga jaka, naɗe a ƙyalle. "Na kasa yarwa. Na kuma kasa kawowa."

Yaya ya goge hannuwansa a jikin riga ya karɓa. Ga Bahago. Ga shi nan da ƙaton goshinsa irin na gidanmu, ya kanne ido ɗaya saboda rana, yana dariya da dukan bakinsa. Yaya ya kai hoton kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kusantowa. "Haka yake," ya ce. "Haka yake, wallahi."

Sai na ga abin da ke ɗaya kafaɗar. Ashe rungume da juna suka tsaya. Hannun Wushirya na nan a kafaɗar Bahago, ya riƙe shi gam. Na fizgo almakashin da Yaya ke yanke zare da shi.

"Kawo in cire wannan hannun."

"In kika cire, da kafaɗarsa za ki haɗa."

"To haka za ka zauna kana kallonsa? Hannun da ya..."

"Kin gani da idonki?"

Ban gani ba. Na ajiye almakashin. Har gobe zuciyata na ce mini shi ne, amma ban gani ba.

Hoton ya ɗan lanƙwashe a gefe. Yaya ya zare dutsen daga wuta, ya jira ya huce har ya iya taɓa shi da tafin hannu, ya rufa wa hoton farin ƙyalle, ya danna a hankali. Bai ɗago ba ya tambayi Mai Kitso, "Yana samun abinci a can?"

Ta ce, "Yana samu. Haƙoran gaban ne suka zube."

Ta juya ta tafi, ba wanda ya ce wa wani sai an jima.

Yanzu hoton na jingine a kan rediyo, inda Yaya zai ɗaga kai ya gan shi. Idonsa ya ƙara rauni, manyan kaya sun daina zuwa, sai na tsofaffin abokan hulɗa da ba sa son su kunyata shi. In aiki ya yanke sai ya ɗauko hoton ya zauna a bakin ƙofa. Wata rana in na zo sai in tarar ya ɗora babban yatsansa a kan hannun Wushirya ya rufe shi, yana kallon ɗansa shi kaɗai. Wata rana kuma in tarar ya bar shi a buɗe, yana kallon su biyun. Ban taɓa tambayarsa ba. Wurin har ya fara dusashewa saboda gumin yatsa, amma hannun bai goge ba.