Wa Zai Wanke wa Mama Ciwo?

Maƙwabciyata a unguwar Ɗan Iya tsohuwar malamar firamare ce, Kirista daga kudancin jihar nan. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Mama muke ce mata. Ciwon suga ya ci mata ƙafa, aka yanke yatsu biyu. Ranar da aka sallame ta daga asibiti, ni na je ɗauko ta a keke mai ƙafa uku.

Nas ta zo da takarda a hannu, ko zama ba ta yi ba. "Mama, akwai mai kula da ke a gida?"

"Yara na nan," in ji Mama.

Nas ta yi ɗan rubutu, ta wuce gado na gaba. Ba ta tambayi ina yaran suke ba. Namijin yana Legas, macen tana aure a Jos. Kunya ce ta hana Mama faɗa a ɗaki cike da mata cewa ita kaɗai ce a gida. Ni da na san gaskiya na yi shiru, har yau ina jin haushin kaina.

An ce a riƙa wanke ciwon kullum. Ni abinci na iya kai mata, in ɗebo ruwa, in yi shara. A kwana na biyar wari ya tare ni tun daga ƙofar ɗakinta. Ta naɗe ƙafar da tsohon ɗankwali.

Na koma asibitin a fusace. A ranar na fara jin wai akwai ma'aikatan da ke bin marasa lafiya har gida, amma sai wanda likita ya rubuta wa.

"To me ya hana a rubuta mata?" na tambayi ma'aikacin da ya gaya mini haka.

"Hajiya, takardarta ta nuna tana da iyali."

"Ita matar da ta kwanta a gadon da ke kusa da nata fa? Na je gaishe ta, gida cike da 'ya'ya da 'yan aiki, ga nas tana zuwa mata kullum."

Ya kawar da kai. "Mijinta ne ya yi magana da likita."

Wato sai ka san akwai abin, kuma ka san wanda za ka kira. Mu ba wanda ya gaya mana komai.

Aka sake kwantar da Mama, wannan karon daga idon sawu aka yanke. Wata tsohuwar nas 'yar cocinsu ce ta ji labari, da aka sallamo Mama ta riƙa zuwa gidan duk safiya da almakashi da auduga har ciwon ya warke. Mama ba ta sake taka ƙofar gida da ƙafarta ba.