Waƙar da Aka Ɗora Kan Taken Baba

A shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, akwai wata waƙa da ta hana mu sakat a Jega. Ba zan faɗi sunanta ba, har yau ba na son jin sa a bakina. Waƙar soyayya ce, saurayi yana roƙon budurwa ta jira shi ya dawo daga cin rani, an yi ta da fiyano, wata siririyar muryar mace tana amsa masa. Ka shiga mota daga Aliero ita ce, ka sauka a tasha ita ce, wajen mai shayi ita, wajen mahauta ita. A rediyo kuwa, a shirin da masu saurare ke zaɓen waƙa, mako bayan mako ita ake nema, har mai gabatarwa ya fara roƙon jama'a su taimaka su zaɓi wata.

Ni a lokacin albasa nake saye ina sayarwa, ina zaune da iyalina a Aliero. Ranar kasuwa idan an gama lodi, nakan zauna a rumfar wani abokina mai sayar da kaset, mutum ne da idan ya kama magana sai dai ka gaji ka tashi. A nan ake gardamar waƙar, kullum, kamar an ba su aiki.

Mai kaset ya kafe kan cewa waƙar Indiya ce aka sa mata Hausa. Yakan ce, "Ku saurari yadda macen ke jan murya mana! Wannan ai daga fim anka ɗauko shi, ni da nake cikin sana'ar za ku gaya wa?"

Akwai wani direba da ke jigila har Gaya da Dosso a ƙasar Nijar, shi kuma rantsuwa yake kiɗan Zabarmawa ne, ya ji irinsa a bukukuwansu tun kafin a haifi mawaƙin. Wasu su ce ba Indiya ba Zabarma, kiɗan zamani ne kawai irin na Kano, ba ya da uwa ba ya da uba. Abu ɗaya da suka yarda da shi shi ne babu waƙar da ta taɓa tashe irin nata. Mai kaset yana alfahari wai don ita rikodarsa ta kwafi ta ƙone, direba yana cewa ya ji ta a Yawuri, ya ji ta a Kwantagora, har wajen 'yan albasarmu na Ikko.

Ni ban cika kula waƙa ba, ina jin ta ne sama-sama cikin hayaniya. Sai wata rana mai kaset, don ya kayar da direba, ya ce kowa ya yi shiru, ya mayar da ita tun daga farko ya ƙure murya. Kafin mawaƙin ya buɗe baki akwai ɗan kiɗa shi kaɗai. Wallahi na san kiɗan nan kamar yadda na san tarin mahaifina cikin duhu. Taken Baba ne.

Wanda bai tashi a gidan manoma ba bari in gaya masa. A da, idan an yi gayya, manoma suna jere da galma, makaɗi yana bin su da gangar noma. Wanda ya yi fice, ya riƙa barin 'yan'uwansa a baya shekara da shekaru, makaɗi kan yi masa take nasa shi kaɗai. Ba a saye, ba a gado, ba a kaɗa wa wani. Kuma duk inda mai take ya ji an kaɗa, ko yana cin abinci, dole ya miƙe tsaye ya amsa da kirari. Wanda ya ji takensa yana zaune, to ya nuna ya gama yayi ke nan, sai dai a yi ta faɗi da shi. Baba ya samu nasa tun ban san kaina ba, a hannun wani makaɗi na wajen Maiyama. Gona ya rabar mana, shanu sun ƙare, wannan ne kaɗai ya rage da yake cewa nasa.

Na ce da su, "Wannan ba Indiya ba ne, ba Zabarma ba. Taken tsohona ne na noma."

Kai, dariyar da aka yi mini! Mai kaset har da riƙe ciki. Ya ce, "To, ashe Baba a Bambai ya yi noma ba mu sani ba!"

Raina ya ɓaci sosai, na miƙe ina faɗa. Direba ne ya ce in tsaya, shi dai ya ji an ce yaron da ya yi waƙar ɗan Maiyama ne, Kano ya tafi. Na karɓi kwalin kaset ɗin na dubi hoton. Ga goshin ubansa nan sak. Ɗan makaɗin ne, yaron da nake gani yana riƙe wa ubansa ƙaramar ganga a gona. Amma ko da na faɗi haka mai kaset bai sauka ba. Ya ce ko ɗan wane ne, fim ya kalla, kuma kiɗa ai kiɗa ne, ba a yi masa shinge.

Abin da ya dame ni ba gardamarsu ba ce. Tsoro nake kada Baba ya ji. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, amma kunnensa garau. Na hana kunna rediyo a gida, na ce batir ya yi tsada. Ya saba bi na Jega ranar kasuwa ya zauna wajen 'yan hatsi su yi hira, sai na shiga ƙirƙiro dalilai, yau mota ta cika, gobe rana ta yi yawa. Ran nan ya ce ko in ɗauke shi ko ya hau kabu-kabu da kansa. Yaya zan yi? Na ɗauke shi.

Na zaɓi hanyar da ba ta bi ta rumfar abokina ba, na manta Jega ba mai kaset ɗaya ke gare ta ba. Muna kusa da 'yan tumaki wata lasifika ta saki waƙar daga farko. Na ji hannun Baba ya ƙame a kafaɗata. Ya sake ni, ya yar da mayafinsa, ya ɗaga sandarsa sama kamar galma. Mutumin da sai an tallabe shi yake haura dokin ƙofa, ga shi tsaye cak, yana kirari da wata murya da na yi shekaru ban ji ba. Yana faɗin gonakin da ya nome, yana kiran sunayen mazan da ya bari a baya, yawancinsu sun daɗe a ƙasa.

'Yan kabu-kabu suka kewaye mu suna tafi. Wani ya ce, "Tsoho ya tuna budurwarsa!" Wani shaƙiyyi ya zo ya liƙa masa kwabo a goshi. Shi kuwa Baba ya ɗauka karrama shi ake yi, yana juyawa yana lalube da ido yana cewa, "Makaɗi, ina kake? Matso in gan ka!" Sai muryar macen ta shigo. Ya tsaya da sanda a sama yana saurare. Ya sauke ta a hankali, ya ce da ni, "Wace ce wagga? Mi take cewa cikin takena?"

Na ɗauki mayafin na ja shi muka fita, ina zagin yaran, suna ƙara dariya. A mota, kan hanyar komawa Aliero, na gaya masa komai.

Daga ranar abin ya zama mana azaba. Rediyon gidanmu ina iya kashewa, na maƙwabta fa? Da an saki waƙar a bayan katanga sai ka ji motsi a ɗakinsa. In leƙa in same shi ya dafa bango ya miƙe, ba kirari, ba magana, yana tsaye har ta ƙare. Wata rana sau da yawa. Na ce, "Baba, don Allah ku zauna, kaset ne fa, ba kowa ke kiran ku ba." Ya ce, "Ni ban taɓa jin shi zaune ba." Ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya ragu. Tausayinsa da haushi suka haɗu suka cika ni, har na fara yi wa iyalina faɗa ba dalili.

Na shirya na tafi Maiyama da niyyar in ci wa makaɗin mutunci. Na same shi a zaure yana gyaran tsarkiyar wata tsohuwar ganga, shi ma ya tsufa tukuf. Tun kafin in gama gaisuwa ya ce ya san abin da ya kawo ni, kwanan nan ko masallaci da ƙyar yake fita don kunya. Ya ce yaron ya zo gida, ya tsare shi, yaron ya ce shi bai ga laifi ba. Wai gayya ta mutu, kowa ya koma garmar shanu da 'yan ƙwadago, in bai sa kiɗan a kaset ba da su zai shiga kabari. Wai ma ya ɗauka Baba zai ji daɗi. Duk faɗan da na ƙunso sai ya bi iska, don ban san wa zan yi wa ba.

Makaɗin ya ce, "Abin da ya shiga kaset ba ni iya kiran shi ya dawo. Amma zan taho Aliero da gangata in kaɗa mishi a ƙofar gidanai, gaban jama'a, kowa ya san mai shi."

Na yi murna, wallahi na yi murna. Na koma Jega na gaya wa mai kaset da direba su zo su ji da kunnensu, a kashe gardama.

Ya zo wata ranar bayan la'asar. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, tsofaffin unguwa sun hallara, mata suna leƙe ta zaure, yara sun cika wurin. Baba ya sa farar rigarsa, ya ce a ɗauko masa tsohuwar galmarsa a ajiye kusa da shi. Makaɗin ya fara da gaishe da mazan jiya, ya zagaya, ya zagaya, sannan ya faɗa taken. Ba fiyano, ba komai, fata da gula kawai. Na dubi mai kaset, na ga bakinsa a buɗe. Baba ya kama kafaɗata da hannu ɗaya, galma a ɗayan, ya fara tashi.

Sai yara suka gane kiɗan. 'Yata ce ta fara, ƙaramar, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Ta yi tsalle don murna ta kama waƙar daidai inda macen ke shigowa, sauran suka amsa gaba ɗaya suna tafi. Babu wanda ya sa su, kuma ba raini ba ne, su dai abin da suka sani ke nan. Mata suna tsawa daga zaure, ina! Muryoyinsu sun riga sun rufe gangar.

Baba ya kai rabin tashi. Na ji nauyinsa ya tsaya a kafaɗata, sannan ya koma ƙasa a hankali, ya zauna, ya jingina galmar da bango. Makaɗin ya ƙara ƙarfi yana kiran sa, hawaye na bin gemunsa. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Aje gangarka, makaɗi. Ka yi naka, Allah shi saka."

Ni kuwa idona ya rufe, na yi kan yarinyar da hannu a sama. Baba ya daka mini tsawa, ya ce in na taɓa ta bai yafe ba. Ya kira ta, ta zo, ya zaunar da ita a gabansa. Ya ce shi bai taɓa natsuwa ya ji abin da waƙar ke cewa ba tun daga farko har ƙarshe, ta rera masa.

Ta dube ni, na kawar da kai. Ta fara da 'yar muryarta tana sheshsheka. Ta rera har ƙarshe, shi kuwa yana zaune.