Ɗakin da Malam Maharazu Ya Hana a Taɓa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Yakasai ya san Malam Maharazu, ya kuma san ba a yi masa gaggawa. Ko da ya gyara maka tun da hantsi, sai ya gama jin labaran rana da ita tukuna ya miƙo maka, wai gwaji yake yi. Mutum ne mai yarda da abin da hukuma ta faɗa, har abokansa na yi masa tsiya cewa in rediyo ta ce yau Juma'a ce, ko Talata ce zai ɗauki darduma.

A bayan gidansa akwai tsohon kududdufi. Daga nan kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, kuma can ruwan sama yake komawa duk damina. A zamanin soja wani kamfani mai sayar wa 'yan kasuwa wutar lantarki ya cike shi, ya kafa manyan injuna masu aman baƙin hayaƙi. Kowa ya ji haushi, ba wanda ya buɗe baki. Ga damina kuma ta sauya hali: sai a daɗe ba ruwa, ranar da ya tashi zuwa ya zo gaba ɗaya.

Irin wannan ruwan aka yi wata la'asar. Da ya rasa wurin zuwa sai ya shigo gidaje, ya ci gindin ɗakin da 'yar Malam, Sa'ida, take kwance da zazzaɓi. Kafin a kai gare ta bango ya riga ya rufta a kanta.

Wurin zaman makoki ya ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, ai bana Malam bai yi yaɓe ba. Gaskiya ne, bai yi ba. Matarsa Uwa ba ta taɓa furta wannan magana ba, amma ya fi jin tsoron shirunta. Abin da ya hana shi sukuni ke nan: shi ya kashe yarinyar da sakaci, ko waɗanda suka toshe wa ruwa hanya? Yana son wani mai iko ya zo ya duba, ya faɗa a gaban mutane.

Don haka ya hana a kwashe ɓaraguzan. Shi a saninsa, in rigimar gida ko ta iyaka ta kai gaban alƙali, ana turo mutane su gani da ido, su taka wurin, su tambayi dattawa. To me za a nuna musu in an share? Haka tarin ƙasar ya zauna a tsakar gida, azara ta leƙo ta gefe. Uwa takan zagaye shi in za ta madafa. Shi kuwa ko da rani, yana tsakiyar aiki sai ya ji ƙarar ruwa na bin lungu, ya fito a firgice ya tarar da rana tsaka. Wani lokacin sai ya ji kamar yarinyar na tari.

Da soja suka koma bariki, ya ji an karanta a rediyo cewa sabon kundin tsarin mulki ya ce gwamnati za ta kare ruwa da iska da ƙasa. Ranar har abinci ya ci da yawa. Ya nemi Mikail, ɗan maƙwabcinsa da ya zama lauya, suka shigar da ƙarar kamfanin da hukumar da ta ba shi fili a babbar kotu. Mikail ya haɗa har da batun hayaƙi da rikicewar damina. Duk ranar zama sai Malam ya sa Uwa ta share soro ta shimfiɗa tabarmi, ko yau ne za a zo. Shari'ar ta yi ta ja, ciyawa ta fito a kan ɓaraguzan ta bushe ta sake fitowa.

Ranar hukunci alƙali ya yi ta Turanci, ya tashi. Ba a kira sunan Sa'ida ba ko sau ɗaya.

A waje Malam ya ce, "To, Mikail, yaushe za su zo su gani?"

"Baba, ba za su zo ba. Sashen da muka dogara da shi, kundin da kansa ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta shi. Nasiha ce kawai ga gwamnati."

"Sun ce ba laifin kamfanin ba ne ke nan?"

"Ba su ce ba."

"Laifina ne?"

"Wallahi Baba, ba su ce komai ba. Ba a ma kai ga maganar ba."

Tausayinsa ya kama Mikail har ya kasa haɗa ido da shi. Da an ce wa Malam shi ne mai laifi, da ya san istigfarin da zai yi.

Kafin damina ta gaba Uwa ta yi magana a karo na farko, ta ce ba za ta ƙara ganin ruwa ya sauka a kan wannan tari ba. Aka kira Ilu magini. Ya dudduba, ya ce yanzu ba inda za a samo ƙasa kusa, tsohuwar za a farfasa a jiƙa a sake kwaɓawa, kamar yadda aka saba. Malam da kansa ya yi ta jido ruwa. Ilu ya naɗe wando ya shiga cikin laka, ya fara takawa da ƙarfi irin na masu sana'a. Malam Maharazu ya ajiye bokiti.

Ya ce, "Ilu, don Allah taka a hankali."