Mun Fara Ƙamus Daga Ƙarshe

Turanci ne ya kayar da ni a jarrabawar fita sakandare. Na ci lissafi, na ci kimiyya, amma in ba Turanci, ba makarantar gaba. Shekarar kuwa ta fari ce, ta biyu a jere. A ƙauyenmu na arewacin Kano gonaki manne suke da juna, kowa da ɗan abin da ya gada, tamu kuma ni da Baba kaɗai ke noma ta.

Baba malamin allo ne. Ya kira ni zaure ya ce, "Na ɗauke maka gona damina ɗaya. Ka sake zaman jarrabawar. In ka ci, ka wuce. In ka faɗi, ka dawo ka kama fartanya, kada in ƙara jin zancen."

Malaminmu na Turanci ya daɗe da tattara nasa ya nasa. Abin da ya bar mana kawai shi ne wai manyan kalmomi ke burge masu ba da maki. Sai na aro ƙamus wajen wani ɗan ajinmu da ya haƙura da boko. Bangon ya cire, ɓera ya ci gefe.

Baba ya juya littafin a hannu, ya auna kaurinsa. Ya ce, "Karatu duk hanyarsa ɗaya. Yadda muke yi za ka yi. Daga ƙarshe ake farawa a hau sama. Ka biya, ka haddace, ka kawo mini tilawa." Ni kuma na ga ai gaskiya ne. Mutumin da ya saukar da yara ba adadi, ni wa zan ce masa a'a?

Allo dai bai yarda in rubuta wannan a kai ba, sai takardar buhun siminti. Kullum bayan asuba ina zaune a gabansa ina rangaji: zealous, vicissitude, ubiquitous. Bayanin da ke gaban kowace kalma shi ma da Turanci yake, shi ma na haɗiye shi ɗungurungum, ban san me yake faɗa ba. Baba bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma kunnensa ya san inda mai tilawa ya yi inda-inda. Sai ya ce, "Koma." Inna tana daka tana dariya, tana cewa wannan karatu ko aljanu sai sun nemi tafinta.

Daga nan sai ya saɓi garma ya fita shi kaɗai. Ruwa ya makara, ya yi shuka sau biyu. Ina ganinsa da la'asar yana dawowa a duƙe, hannu dafe da ƙugu, sai in ji kamar in jefa ƙamus ɗin a rijiya. Amma in na miƙe zan karɓe shi, sai ya daka mini tsawa in koma karatuna.

Da kaka bayansa ya riƙe gaba ɗaya. Ɗan geron da ya tsira tsuntsaye sun far masa. Ya kira ni, kansa a sunkuye, ya ce in ara masa mako uku. Na girbe, na ɗaure, na kai rumbu. Ranar jarrabawa ta same ni a harafin M.

A birni muka zauna. Tambayar ita ce: rubuta wa kawunka wasiƙa, ka gaya masa yadda fari ya yi wa ƙauyenku. Wallahi duk ɗakin ba wanda ya fi ni sanin wannan! Amma in ce rijiyarmu ta ƙafe, awakinmu sun mutu, mahaifina yana noma a duƙe, na kasa haɗa shi. Kalmomin suna nan cike da kaina, a jere. In na jawo ɗaya sai ta taho da wadda ke biye da ita a shafi, ba wadda nake nema ba. Na yi ta cusa su haka nan, gumi na ɗiga a takarda. Tun kafin a ce a ajiye biro na san an gama da ni.

Da sakamako ya fito, na faɗi ƙasa da na bara. Na gaya wa Baba a zaure. Ya ce in miƙo ƙamus. Ya buɗe inda na sa alama na tsaya, ya kama ragowar shafukan da ban kai ba tsakanin yatsu biyu.

Ya ce, "Nan suka kama ka. Da ban ja ka gona ba, da ka yi nisa. Ni na cuce ka."

Na san ko na sauke littafin sau goma ba zan ci ba. Amma in na faɗa masa haka, na ce masa hanyar da ya ɗora ni ce ba daidai ba, kuma a banza ya karya bayansa. Na ce, "Haka Allah ya so, Baba."

Na kama noma kamar yadda muka yi alkawari. Har ya rasu, duk kaka in muna ɗaurin gero sai ya tsaya ya ce in yafe masa mako ukun nan, ni kuma in ce na yafe.