Takardar Jini a Hannun Mahamane

Ranar da na karɓo takardar gwajin jinina daga labo, ɗakin gwaji, da fara'a na dawo rumfata ta shinkafa da wake a unguwar Tahaggart, cikin Tamanrasset. Na ga an rubuta "positif", ni kuwa a lekkol ɗin da na bari a aji uku, wannan kalma alheri ce. Na ɗaga takardar gaban masu cin abinci na ce likita ya yaba da jinina. Wani direba ya karanta, ya ajiye cokali, ya sanar da cewa ni Sa'idu ina da tifoyid. Kafin azahar benci ya zama nawa ni kaɗai.

Aka ce in nemi Mahamane. Mutumin Damagaram ne, shekara goma sha biyu ya yi yana gwajin jini a wani asibiti can gida. Da sinadarin gwaji ya yanke wata da watanni, zaman banza ya ishe shi, ya hau mota zuwa Tamanrasset a 1996. Nan ba a karɓi takardun karatunsa ba, sai ya koma shimfiɗa tayil a gidajen mutane. Bayan la'asar yake zama bakin masallaci, 'yan gini da 'yan kasuwa suna kawo masa takardun asibiti yana fassara musu. Bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. Ya ce wannan aikin likita ne.

Ya duba tawa ya ce gwajin Widal ne, wanda ke gane sawun cuta amma bai san ko yau ta wuce ko bara ba. Duk wanda ya taɓa yin ciwon yana yaro, jininsa na iya amsawa. Gwajin da ke kama ƙwayar kanta yana ɗaukar kwanaki, kuma ba kowane labo ke yinsa ba. Ya ce in rufe rumfa, in koma wurin likita a duba zazzaɓin sauro, bayan kwana goma a sake ɗibar jini. In lambar da ke takardar ta hau, tifoyid ce.

Na ce kwana goma masu ciniki za su saba da tukunyar wani. Ya ce gara hakan da su saba da gadon asibiti.

Na rufe. Aka samu zazzaɓin sauro, na sha magani. Da aka sake ɗibar jini, lambar kuma ba ta motsa ba, likita ya sallame ni. Na buɗe rumfa, amma ƙudaje kaɗai suka dawo. Sai na koma wurinsa.

Na ce, "Malam Mahamane, mutane sun yarda da kai. Ka zo gobe ka ci kwano guda a gabansu, kyauta."

Ya ce, "Zan zo in faɗa musu abin da takarda ta ce. Amma jininka na yi wa shaida, Sa'idu. Tukunyarka ba a gwada ta ba tukuna."