Jirgin Baba Ari Mai Shan Ruwan Garuwa

Duk wanda ya daɗe a Kwaciri ya san gidanmu, ko da bai san sunan kowa a cikinsa ba. Gidan jirgi ake ce masa. In ka faɗa wa mai adaidaita haka, ba ya ƙara tambayar ka kwatance. Dalili kuwa, a tsakar gidan, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai jirgin ruwa na katako mai inji da ɗan ɗaki a gaba, yana zaune daram a kan tirela, a unguwar da ruwan famfo ma sai an yi sa'a. Mai jirgin shi ne mahaifina, Baba Ari. Ni ne babban ɗansa, Abdulnasir, tela a Fagge. Kuma gara in faɗa tun da wuri, na shafe shekara ashirin da biyar ina kishin wani tsoho a kan jirgin nan, don ni ma ina son Baba ya yaba aikin hannuna ko sau ɗaya ne.

A Baga aka haifi Baba, a bakin tafkin Chadi. Yana saurayi ya hau bayan motar banda ya zo Kano, bai koma da zama ba. Ya kafa rumfar busasshen kifi a Kasuwar Sabon Gari, ya auri Inna Falmata, ya gina gida, Hausa ta zauna a bakinsa har ba ka gane Babarbare ne sai ransa ya ɓaci. Amma ruwa bai taɓa fita daga zuciyarsa ba. Da damina in kwatocin unguwa suka cika suka malale titi, kowa na ta mita, shi kuwa sai ka gan shi a bakin ƙofa yana kallo yana murmushi.

Ina shekara goma sha bakwai ya sayo jirgin, a hannun wani ɗan Labanan mai masaƙa da ke shirin barin ƙasar. Tun a lokacin jirgin ya tsufa. An ce a kogin Binuwai ya yi ƙuruciyarsa kafin a kawo shi dam ɗin Tiga. Ranar da aka jawo shi gida sai da aka rushe gefen katanga kafin ya shiga. Inna ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Malam, mutane na sayen fili, kai ka sayo wannan? A ina za ka tuƙa shi, a rafin Jakara?"

Baba ya ce, "Za ki gani."

Ta kuwa gani. Kwana uku bayan kowace Sallah, akan ɗaura tirelar a bayan a-kori-kura, mu kuma mu cika bas da kulolin dambu da zoɓo, a nufi Tiga. Innar da ta yi ba'a ita ce ke fara shigewa ɗan ɗakin nan ta miƙe ƙafa. Baba na da dokokinsa: ba mai hawa sai da rigar ruwa, ba mai miƙewa tsaye in inji na tafiya, ba kuma mai jefa leda a ruwa. Da zarar ya kama sitiyari sai ya koma wani mutum daban, yana waƙa da Barbarci, yana nuna wa jikoki tsuntsaye yana faɗin sunayensu.

To, a nan Oga Nwabueze ya shigo. Kafinta ne a Sabon Gari, aikinsa bencinan coci da kujerun makaranta, amma asalinsa ɗan wani ƙauye ne a bakin kogin Neja kusa da Anaca, inda kakanninsa ke sassaƙa jirage. Ya je sayen kifi rumfar Baba, ya ji ana zancen jirgi, ya biyo shi gida don ya gani. Tun daga ranar, duk Asabar yana gidanmu. Su shige rumfa tun hantsi, ɗaya na kwance a ƙarƙashin jirgi, ɗaya na miƙa masa ƙusa, suna hirar ruwa da Hausa, kowa da irin tasa. Ka ji suna dariya kamar yaran da suka gudo daga makaranta.

Ni fa? Fitarmu ta farko na yi amai a cikin jirgin, na ƙanƙame benci ina salati har aka dawo gaɓa. Baba ya dubi Nwabueze yana dariya ya ce, "Wannan ɗan tudu ne." Wasa ya yi, na sani. Amma maganar ta zauna mini a rai, ban ƙara leƙa rumfar ba sai in an aike ni da abinci.

Abin haushin shi ne, ni ma gwani ne a sana'ata. Har daga Zariya ake kawo mini ɗinki. Duk Sallah nakan ɗinka wa Baba babbar riga da hannuna, in zauna in tsara aikin wuyan sai ka rantse ba mutum ne ya yi ba. Ya karɓa ya ce, "Ya yi," shi ke nan. Wata shekarar ma da idona na ga ya goge baƙin mai da hannun rigar. Amma bari Nwabueze ya buga ƙusa ɗaya, sai an kira maƙwabta sun zo sun gani. Kifin da ya fi kowanne kyau a rumfa, na Nwabueze ne. In ka tambayi Baba wani abu game da jirgi, ko ƙarfe nawa za a tashi ne, sai ya ce, "Tambayi Nwabueze." Wallahi har sunan nan na tsana, alhali mutumin bai taɓa yi mini komai ba sai fara'a.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ta fi komai ba ni takaici. Kullum da safe mai garuwa zai turo kura har tsakar gida, a juye jarka shida a cikin jirgin, a jiƙa buhunan algarara a lulluɓe jikinsa. Ruwan da muke tattali don wanka, shi ake ba katako ya sha! Ga warin danshi, ga sauro. Mutanen unguwa har tsokana ta suke yi, wai jirginmu ya fi akuya shan ruwa. A hankalina na tela, duk abin da ake so ya daɗe, busar da shi ake yi a adana. Na yanke wa kaina hukunci cewa wannan camfin mutanen kogi ne da Nwabueze ya cusa wa Baba. Ban taɓa tambaya ba, don na san wurin wanda za a tura ni.

Shekara biyu da suka wuce, ana saura wata guda azumi, ƙanin Baba ya kwanta rashin lafiya a Maiduguri. Baba ya tafi jinya, ya ce sai dab da Sallah zai dawo. A lokacin idanun Baba sun yi yana sosai, da lalube yake gane abubuwa da yawa. Yana fita na ce, yawwa, yau ga ni ga jirgi.

Asabar ta farko na tare Nwabueze a zaure na yi masa ƙarya. Na ce, "Oga, Baba ya ce ka huta sai ya dawo."

Ya ɗan dube ni, ya ce, "To, Nasiru. Amma don Allah kada ka bar shi da ƙishi. Zafin bana ba wasa."

Na ce, "Na ji." A raina na ce, ka ji shi, wai ƙishi.

Washegari na sallami mai garuwa. Na kwashe ruwan cikin jirgin tas da bokiti da soso, na yaye buhunan na zubar. Inna ta ce, "Anya, Abdulnasir?" Na ce ta zuba ido kawai. Na sa aka turo tirelar fili, rana ta bazara ta gasa shi mako uku har ya bushe ƙayau, ba wari ba sauro. Sannan na goge shi, na yi masa fenti fari da shuɗi, na ɗinka wa bencinan sababbin katifu masu adon zinari. Na ga 'yan layuka sun buɗe tsakanin katakai, na bi su da fenti mai kauri na rufe, aka mayar da shi rumfa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kai, jirgi ya zama ango!" Ni kuwa har na haddace abin da Baba zai ce.

Ya dawo ana jajibiri, a gajiye, bai shiga rumfa ba sai ranar tafiya. Ya shinshina iska ya ce, "Fenti?" Na ce, "Ni na yi, Baba." Ya shafa katifun ya ce, "Ya yi." Nwabueze ya iso a makare, muna shirin tashi. Ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da yatsa, na ga fuskarsa ta canza, amma yara sun cika bas suna ihu, sai kawai ya shiga gaban mota.

A Tiga aka ja tirelar da baya har cikin ruwa. Nwabueze ya ce kada kowa ya hau tukuna. Jirgin ya yi iyo kamar minti biyu, kyakkyawa, har na fara gyara hula. Sai ruwa ya soma tsattsafowa ta kowane layi, nan da nan ya zama kamar rariya, katifuna suka tashi suna yawo. Da igiya muka jawo shi, mu da masuntan wurin, yara na kuka cikin kayan Sallah.

Baba ya shiga ruwa har gwiwa, ya bi jikin jirgin da tafin hannu. Farcensa ya shige tsakanin katako da katako. Ya ce, "Wa ya hana shi ruwa?"

Na ce, "Ni ne."

"Kai ba ka san ruwa ne ke kumbura katako ya matse ɗan'uwansa ba? In ya bushe ai sai ya tsuke, ya tofar da audugar da ke tsakani. Me ya hana ka tambayi Nwabueze?"

Nan fa na fashe. A gaban matata da 'ya'yana na ce, "Na gaji da tambayar Nwabueze! Ni ne ɗanka, ba shi ba!"

Baba ya juya wajen Nwabueze ya ce, "Ka yi haƙuri, yaro ne." Ni, mai furfura a gemu. Sannan ya ce mini kada in ƙara taɓa jirginsa. A kan tabarma muka ci dambun a bakin ruwa, ba mai kallon wani.

Daga Tiga kai tsaye shagon Nwabueze aka wuce da jirgin. Katakai biyu sun karkace sai an sauya, sauran kuma sai an sake cusa musu auduga layi-layi, a bi da kwalta. Baba ya daina fita rumfar da ba komai a ciki, ya rage cin abinci, gaisuwata ma da ka yake amsawa.

Bayan mako biyu Nwabueze ya zo shagona a Fagge. Na ɗauka faɗa ya kawo, har na shirya nawa. Sai ya miƙo mini hannayensa biyu, suna karkarwa. Ya ce, "Shekara uku ke nan ina ɓoye wa babanka. Guduma zan iya, amma cusa auduga aikin natsuwa ne. In ka matse da yawa, katako ya sha ruwa ya tsage. In ka sassauta, ya yi yoyo. Hannun tela nake nema."

Na ce, "Ya hana ni taɓawa."

Ya ce, "A gidansa ya hana. Wannan shagona ne." Ya ɗan yi dariya, sannan ya ce, "Ka san ina jin haushin Ari? Nawa ɗan, Chidiebere, yana Legas, ko sau ɗaya bai taɓa tambayar me nake sassaƙawa ba. Shi kuwa nasa har jirgi ya lalata don a kula shi."

Wata huɗu na yi ina rufe shago da azahar in tafi Sabon Gari. Shi ke murza audugar ta zama igiya, ni ke tura ta cikin layi da dakusasshen ƙarfe da ƙaramar guduma ta katako. Ya koya mini in saurari ƙarar, in ta sauya in tsaya. Layin farko sau biyar ya sa na zare shi, na yi ta ƙunƙuni yana shan rakensa. Daga baya hannuna ya gane, ashe ɗinki ne, allurar ce kawai ta bambanta. Ban daina kishinsa ba, kada ku ɗauka. Kullum in ya ba ni labarin wani abu da Baba ya faɗa masa wanda ni ban taɓa ji ba, sai in ji kamar in wurga gudumar.

Ranar da aka gama, kafin a shafa kwalta, Nwabueze ya aika a kawo Baba ya duba. Ni na ɗauko shi a adaidaita, kamar ban san hanyar shagon ba. Ya durƙusa a gefen jirgin, ya ɗora babban yatsansa a kan layin ƙasa, ya bi shi a hankali tun daga goshi har baya. Ya koma na biyu. Ya koma na uku. Ina tsaye a bayansa.

Ya ɗago ya ce, "Nwabueze! Shekara ashirin da biyar ban taɓa jin aiki irin wannan daga hannunka ba. Ko gashi ba zai ratsa ba. Ashe ɓoye mini gwanintar kake yi, tsohon banza?"

Nwabueze ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa da ƙarfi. Na san Babana. In ya ji nawa ne, zai koma ya lalubo aibu, ko ya ce "ya yi" ya miƙe. Ni kuwa so nake in ji yabon nan har ƙarshensa, ko da da sunan wani ne. Ya yi ta yi kuwa, har da kiran kafintocin maƙwabta su zo su gani. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu suka cika mini ido.

Can sai ya waiwayo inda yake jin numfashina, ya ce, "Kai kuma Abdulnasir, matso nan. Kawo hannunka ka ji yadda ake aiki."

Na durƙusa, ya kama yatsana ya ɗora a kan layin, ya ja shi a hankali.

Na ce, "Na ji, Baba."